Mararrabar Unguwa da Hakkin Mai Tafiya a Ƙasa

Duk wanda ya san birnin Kano shekaru ashirin da suka wuce, in ya komo yau ya bi ta Ƙofar Nasarawa, ko Kabuga, ko Dangi, ko Hotoro, lalle zai shaida cewa hukuma ta kashe dukiya mai yawa wajen warware cunkoson manyan mahaɗun hanyoyi, domin wuraren da a da mutum kan daɗe yana shaƙar hayaƙi yana sauraron zage-zagen direbobi, yanzu gada ce a sama, wata a ƙasa, mota tana wucewa ba ta ko taɓa birki. Wannan aiki abin yabo ne, ba kuwa don in rage masa daraja na ɗauki alƙalami ba. Abin da nake so mu yi nazari a kansa shi ne sauran mararraba, ƙananan nan waɗanda ba su da suna sai a bakin mutanen unguwa, wato inda lungu ya fito ya haɗu da titi, ko inda layi biyu suka gicciye juna a gaban masallaci ko makarantar Islamiyya. Gama su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, ta nan yara da tsofaffi da mata suke tsallakawa safe da yamma, a nan kuma ake yin asarar da ba kasafai labarinta yake kaiwa gidan rediyo ba.

Tushen al'amarin shi ne cewa ba don mota aka tsara garin ba. Magabata da suka yanka lungunan cikin ganuwa, mai tafiya a ƙasa suka duba, da jaki mai ɗauke da mangala, da raƙumin fatake, kuma ma'aunin da fuƙaha'u suka riƙe daga hadisi, idan maƙwabta suka yi jayayya a kan faɗin hanya, shi ne kamu bakwai, wato wajen mita uku da rabi, abin da ya ishi dabba mai kaya ta wuce ba ta goga bango ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mota ta biyo baya, aka yi canjin hannu ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma tuƙi ta dama, gari ya yi ta faɗaɗa har ya mamaye ƙananan hukumomi 8, unguwanni da yawa kuwa an gina su ne kafin a zo a tsara su. Sa'an nan a watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana haya da babur, sai adaidaita sahu, wadda aka fara kawowa zamanin Malam Ibrahim Shekarau domin ɗaukar mata, ta gaji wannan sana'a baki ɗaya. Yau a kan 'yar kwalta guda ake gwama tifa mai yashi, da ɗan sahu, da kurkura, da mai kurar ruwa, da mai keke, da yarinya mai talla, kowa da irin gudunsa da nauyinsa, ba kuwa wata ƙa'ida tsakaninsu sai ta wanda ya fi ƙarfe ya fi gaskiya.

Masanan aikin hanya sun ƙididdige cewa a mararraba mai ƙafa huɗu, inda kowa yake da damar ya miƙe ko ya karya dama ko hagu, akwai gurbi 32 da hanyar wata mota take iya cin karo da ta wata, ban da na masu tsallakawa da ƙafa. Abu biyu ne suke hana waɗannan gurabe zama maƙabarta: mutum ya hango abin da yake zuwa, kuma ya kasance da sararin tsayawa bayan ya hango. Lissafin ba shi da wuya. Mota mai gudun kilomita 30 a sa'a tana cin mita 8 da 'yan kai a daƙiƙa guda, mai gudun 50 kuwa tana cin kusan mita 14. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya tak tsakanin ganin yaro da taka birki, alhali mutane da yawa sun fi haka jinkiri, to, mai gudun 30 zai tsaya cik cikin wajen mita 13 a kan busasshiyar kwalta, mai gudun 50 kuwa sai ya ci ninkin haka. Ma'ana, a daidai wurin da na farko ya riga ya tsaya, na biyu bai ma fara rage gudu ba, da cikakken ƙarfinsa zai bugi abin da yake gabansa. Ƙarfin bugun kuma ba daidai da gudun yake hauhawa ba, ninkuwa yake yi, har na mai 50 ya kusa ninka na mai 30 sau uku. Dokar hanya ta Nijeriya ta yarda wa ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, saboda haka mutum yana iya kashe yaro a ƙofar gidansu bai karya haddin gudu ba. Wannan ne ya sa babban taron ministoci da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a watan Fabrairu 2020 ya yi kira da a mayar da haddin kilomita 30 a duk inda mutane da ababen hawa suke cakuɗuwa.

Batun gani kuwa, a tsaya a bakin kowace kwana ta unguwa gab da magariba, lokacin da aka tashi daga Islamiyya, a duba. A kusurwa ɗaya mai shayi ya kafa teburinsa da tulin burodi da kiret ɗin ƙwai, a ɗaya mai faci ya jingina tayoyi, a ta uku 'yan sahu biyu sun yi cirko-cirko suna jiran fasinja domin nan ne mahaɗar jama'a, a ta huɗu kuwa maigida ya fito da katangarsa har bakin kwalbati ya ƙara shago. Yarinya 'yar shekara shida, da hijabinta da jakar littattafanta, tsawonta bai kai rufin adaidaita ba, dole sai ta shiga cikin titi da ƙafarta kafin ta ga abin da yake tahowa, shi ma mai tahowa sai a sa'an nan zai gan ta. Babu wanda ya yi nufin sharri a cikin mutanen nan, kowa abincinsa yake nema, amma sun taru sun rufe wa yarinya ido, sun rufe wa direba.

Idan abin ya auku, mun san yadda ake yi. Jama'a su taru, a ɗauki yaro a yi asibiti da shi, in kwana ya ƙare a yi masa sutura; kashegari dangin direba su zo da dattawa da limami, a yi ta'aziyya, uba ya ce ƙaddara ce, ya yafe duniya da lahira. Ban ga aibin wannan afuwa ba, hali ne na mutanen kirki, kuma Shari'a ta kwaɗaitar da shi. Sai dai ya kamata mu tuna cewa malaman da suka karantar da mu imani da ƙaddara, su ne kuma suka rubuta babin lamuni, ba su ga saɓani tsakanin biyun ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan tun kaka da kakanni, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta, da mai janta, da mai kora ta. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a kan hanyar Musulmi inda ba shi da izinin yin haka, wanda kuwa ya fahimci illar wannan hukunci ba zai sha wahalar gane matsayin tulin yashi da bulo da ake zubewa a bakin kwana wata da watanni ba. A zamaninmu ma, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 8 a ƙasar Burunai cikin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, domin suna cikin abin da shugaba yake tsarawa saboda maslahar jama'a. Mas'alar da ake mantawa ita ce, a cikin irin wannan musiba hakki biyu ne. Uba yana da ikon yafe diyyar ɗansa, amma ba shi da ikon yafe jinin ɗan maƙwabcinsa wanda zai tsallaka wannan kwana gobe. Ga shi kuwa da zarar an yafe, sai a rufe maganar gaba ɗaya, ba a kai rahoto ba, ba a rubuta ko'ina ba, kwana tana nan yadda take, hukuma kuma ba ta da labarin cewa wuri kaza ya ci mutum uku a shekara biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, nahiyar Afirka ce kuma ta fi kowace yawan mace-macen in an gwada da yawan jama'arta, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

To, mene ne magani? Abin da mutanen unguwa suka fi roƙo shi ne a sa musu danja. Fitilar ba da hannu tana da amfani a inda motoci suka yi yawa ta kowane ɓangare har ba mai samun shiga sai an raba musu lokaci, amma a ƙaramar mararraba galibi illarta ta fi amfaninta, domin direban da ya tsaya wa ja alhali yana gani babu kowa, yau ya tsaya, gobe ya tsaya, jibi sai ya wuce, daga nan ya koyi raina ta ko'ina. Wanda kuma ya hango kore daga nesa, ƙara wuta yake yi don kada ta kuɓuce masa, ya iso mahaɗar da gudun da ya fi na da. Ga kuma ɗawainiyar wuta da batir da gyara, fitilar da ta mutu kuwa ta fi babu sharri, gama wani yana zaton tana aiki. Na biyu shi ne a kawo ma'aikaci. Tarayya tana da hukumar kiyaye haɗurra tun 1988, wadda Wole Soyinka ya fara shugabanta, jihar Kano kuma ta kafa tata hukumar, KAROTA, a 2012, kuma mai adalci ba zai musa cewa sun rage bin hannun da ba naka ba da ajiye mota barkatai a manyan tituna ba. Amma ma'aikaci mutum ne, yana gajiya, yana tashi, rana tana dukansa, ba kuma za a taɓa samun adadin da zai tsaya a kowace kwana daga Kurna zuwa Sheka ba. Ban da haka, duk hukumar da aka haɗa mata tsaron rai da tara kuɗin shiga a hannu ɗaya, jama'a za su riƙa kallonta da na biyun, kamar yadda aka gani a yajin aikin 'yan adaidaita na 2021 da na farkon 2022, waɗanda a kan haraji da kuɗin rajista aka yi su. Direban da ya ɗauka cewa doka tarko ce, idonsa yana kan mai kaki, ba ya kan yaron da yake tsallakawa.

Da mutane suka ga ba danja ba ma'aikaci, sai suka koma yi wa kansu magani, shi ne tudun rage gudu da samarin unguwa suke ginawa, yawanci a makon da aka yi rashi, da kuɗin karo-karo da buhun siminti biyu. Niyyar tana da kyau, hankalin da ke cikinta ma daidai ne, domin sun gane abin da manyan masana suka gane, wato direba ya fi jin maganar hanya a ƙarƙashin tayarsa bisa ga maganar allo. Aikin ne ba ya kyau. Sukan yi shi siriri mai tsini kamar kunyar dankali, ba fenti, ba alama, a wurin da babu fitila, sai ya fasa wa ƙaramar mota ciki, ya kayar da mai babur da dare, ya wahalar da mai naƙuda da ake gaggawar kaiwa asibiti, 'yan sahu kuma su riƙa kauce masa ta gefen da mutane suke tafiya. Tudun da masu binciken hanya na Ingila suka gwada tun shekarun 1970 faɗinsa ya kai mita 3.7, tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, yana hawa a hankali yana sauka a hankali, mai tafiya sannu ba ya jin komai, mai gudu ne kaɗai yake shan wuya. Da ma'aikatar ayyuka za ta fitar da ma'auni guda, ta ba kowace unguwa da ta nema izini da magini wanda ya san aikin, da an huta da rigimar da ake yi, hukuma tana rushewa jama'a suna sake ginawa.

A ganina, abin da ya fi kowane araha, ya kuma fi saurin amfani, shi ne buɗe kusurwa. Dokar hanya ta Ingila ta hana ajiye mota a cikin mita 10 daga mahaɗa. Wani ƙaramin gari a Amurka mai suna Hoboken, mai mutane wajen 60,000, ya ɗauki irin wannan ƙa'ida da gaske, ya kakkafa 'yan sanduna a kusurwoyi yadda ko mutum ya so ajiye mota ba wuri, ya faɗaɗa bakin hanya a wuraren tsallakawa, ya rage haddin gudu, sai ga shi ya shafe shekara 7 a jere tun daga 2017 ba a rasa rai ko ɗaya a titunansa ba. Ba na cewa Hoboken Kano ce, unguwa guda a nan ta fi ta jama'a. Amma turken ƙarfe da kankare ba su fi ƙarfinmu ba, maƙeran Kano ma sun isa su yi su. Haka kuma shataletale ƙarami, in an gina shi yadda dole mota ta karkata kafin ta wuce, yana mayar da gurabe 32 ɗin nan su koma 8, ya kawar da karon gaba da gaba da na gicciye, waɗanda su ne masu kisa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2001 a kan mahaɗu 24 da aka mayar shataletale ya sami raguwar haɗurran da ake jin rauni da kashi 76 cikin 100. Sharaɗin shataletale ɗaya ne, wanda Ingila ta mayar doka a 1966: mai shiga ya dakata wa wanda yake ciki. Mu nan akasin haka muke yi, mai shiga ne yake kutsa kai, shi ya sa shataletalenmu yake cushewa har a ce ba shi da amfani a rushe shi.

Kada kuma a ce wai halin Turawa ne ya bambanta da namu. Ƙasar Holan a 1971 ta rasa mutum wajen 3,300 a kan hanya, fiye da 400 daga cikinsu yara ne, sai da iyaye suka fito suka tsare tituna suna kiran abin da sunan kisan yara, sa'an nan hukuma ta fara ƙuntata layukan unguwa, tana karkata su, tana dasa itatuwa a inda mota take sheƙa gudu a da.

Akwai wani abu game da gadojin da na ambata wanda ba a cika faɗa ba. Gada ba ta rage mota, sauri take ƙara mata, motar da ta sauko daga gada da gudun 80 kuwa ba ta komawa 30 don kawai ta shigo cikin mutane. Saboda haka mararraba ta farko bayan gangaren gada takan gaji haɗarin da aka kora daga babbar. Titin da aka faɗaɗa aka raba shi da shingen kankare kuma yakan yanke unguwa biyu, masallaci a wancan hayi, masallata a wannan. Akan ce ai an yi gadar masu tafiya a ƙasa, mutane ne ba sa hawa. Wanda ya faɗi haka bai taɓa rakiyar tsohuwa mai ciwon gwiwa ba, ko mai kurar ruwa, ko gurgu a kan kekensa. Mutum yana bin hanyar da ta fi kusa tun da aka halicce shi, mai tsara gari kuwa aikinsa ya duba inda sawun jama'a ya riga ya nuna, ya sa mashigin a nan, ya ɗaga shi daidai da bakin hanya yadda shi kansa zai zama tudun rage gudu, ya bar tsibiri a tsakiya inda mutum zai tsaya ya numfasa kafin ya ƙarasa rabi na biyu.

Saura tambayar wa zai yi. Hanyoyin gari kashi uku ne, na tarayya, da na jiha, da na ƙaramar hukuma, ƙaramar mararraba kuwa sau da yawa tana faɗawa tsakanin biyu, kowa ya ce ta ɗan'uwansa ce. Amma muna da wani tsari wanda biranen da na ambata ba su da shi, wato mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda babu rashin da za a yi a ƙasarsu ba su sani ba, tun da da su ake zaman sulhun. Da za a ba kowane mai unguwa littafi, a ce duk haɗarin da ya faru ya rubuta rana da lokaci da wuri da irin abin hawa, ko an yafe ko ba a yafe ba, ba tare da sunan kowa ba don kada mutane su ji tsoron ƙara, a riƙa tattarawa ta hannun hakimi duk wata uku ana miƙa wa ma'aikatar ayyuka da KAROTA, da cikin shekara guda hukuma ta san kwanoni ashirin ko talatin da suka fi cin mutane, ta fara da su. Kuɗin gada ɗaya ya isa a gyara ɗaruruwan irinsu. Illa dai ba a kiran shugaban ƙasa ya buɗe turken kusurwa, wannan kuwa ba ƙaramin cikas ba ne ga ɗan siyasa.

Wuyar aikin tana wajen mai shayi da mai faci da 'yan sahu, domin kusurwa ita ce kasuwarsu, wanda ya zo ya ce su tashi kawai, zai tashe su da safe su dawo da yamma, kamar yadda aka sha yi. Ba kora ake bukata ba, matsawa ce ta taku goma sha biyu zuwa cikin layi, a shata musu wuri da fenti, a ba 'yan sahu matsaya tasu bayan an wuce mahaɗar, a kafa turaku a inda aka bari don kada wani sabo ya zo ya maye gurbin. Irin wannan magana ba ma'aikaci mai rasit ne zai iya ta ba. Sai mai unguwa da limami da shugaban 'yan sahu na wannan tasha sun zauna da su, a ƙofar masallaci bayan la'asar, an auna wurin da igiya a gaban kowa.